Ciniki da Amana a Koyarwar Kirista: Nasiha ga Matasan Darmanawa

Koyarwar Kirista a kan kasuwanci ta taso ne daga tambaya ɗaya: dukiyar da ke hannun ɗan kasuwa ta wane ne? Amsar da ikkilisiyoyi suka haɗu a kanta, Katolika da Angilika da ECWA da Baftis da sauransu, ita ce dukiya ta Allah ce, mutum kuwa wakili ne da aka damƙa wa amana, kuma akwai ranar da zai ba da lissafi. Daga nan sauran hukunce-hukuncen suka fito. In jari amana ne, ba a binne shi, ba a kuma cutar mutane da shi. Riba halal ce, dole ce ma, domin shagon da ba ya fitar da riba ba zai ga baɗi ba. Amma dalilin buɗe shago shi ne ya kai wa mutane abin da suke bukata, ya ba wasu aikin yi, ya ciyar da gidan mai shi, a kuma sami rarar da za a tallafa wa wanda ba shi da shi. Riba ce ke riƙe da waɗannan ayyuka, ita kuma da su ake auna ta.

Wannan magana tana da muhalli a Darmanawa da unguwannin da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Tarauni, domin yanki ne da abincinsa ya rataya a kan saye da sayarwa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana kan titin Zariya, ya kuma jawo shagunan magani da ɗakunan gwajin jini da masu abinci da masu POS zuwa Gyaɗi-Gyaɗi. Kasuwar waya ta Farm Center ta tara ɗimbin matasa, masu sayarwa da masu gyara. Tashar Unguwa Uku ba ta rabuwa da fasinja da 'yan tebur. Mafi yawan mazauna yankin Musulmi ne. Kiristan da ke neman abinci a nan, Bahaushe ne ko ɗan kudancin Kaduna ko Filato, Ibo ne ko Bayarabe, akasarin masu sayen kayansa Musulmi ne, sau da yawa kuma a hannun Musulmi yake saro kaya ko yake koyon sana'a. Saboda haka matashi Kirista yana bukatar ya san abin da addininsa ya ɗora masa a bakin shago, matashi Musulmi kuma zai amfana da sanin ma'aunin da maƙwabcinsa ya yarda a auna shi da shi.

Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fara fitowa a 1932, bai ɗauki aiki a matsayin horo ba. A sura ta 2 ta Littafin Farawa an sa Adamu a gonar Aidan ya noma ta ya kula da ita tun kafin ya yi zunubi. Wahalar aiki ce ta zo daga baya. Bisharar Markus ta nuna mutanen Nazarat da sana'ar sassaƙa suka san Yesu. Manzo Bulus da ɗinkin tanti ya ciyar da kansa, ya yi aiki tare da Akila da matarsa Bilkisu a Koranti don kada ya zame wa masu sauraronsa kaya. Lidiya, wadda littafin Ayyukan Manzanni ya fara ambaton bangaskiyarta a birnin Filibi, 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafin da aka rina da shunayya, kaya mai tsada a zamanin. Bakanon da ya san darajar marinar Ƙofar Mata zai gane irin matsayinta. A misalin da Yesu ya bayar a sura ta 25 ta Matiyu, an yaba wa bayi biyu da suka juya kuɗin ubangidansu har suka ninka, wanda ya haƙa rami ya binne nasa don tsoro shi aka hukunta. Matashin da ya gama jami'a ya zauna a gida shekara uku yana jiran aikin ofis, yana jin kunyar a gan shi a bayan tebur yana gyaran waya, ba shi da hujja daga wannan littafi.

Sai dai wanda ya bi dokokin ciniki da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya zai lura da wani abu da ke maimaituwa: kusan dukkansu an rubuta su ne daga ɓangaren wanda ya fi rauni. A kowane ciniki akwai wanda ya fi sanin kayan, akwai kuma wanda ya fi iya jira. Mai shago ya san inda ya saro kayansa da ranar da suka zo. Mai saye ganin ido kawai gare shi. Ubangida zai jinkirta albashi mako biyu bai ji a jikinsa ba. Yaron shago a daren ranar zai ji. Kasuwa ita kaɗai ba ta toshe wannan rata, domin mai rauni yakan ce ya yarda alhali ba shi da zaɓi. Koyarwar Kirista ba ta karɓar irin wannan yarda a matsayin hujjar da ta wanke mai ƙarfi.

Awo shi ne misali mafi tsufa. Littafin Firistoci sura ta 19 da Maimaitawar Shari'a sura ta 25 sun hana mutum ya ajiye ma'auni biyu, babba na saye da ƙarami na sayarwa. Annabi Amos, a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, ya kwatanta 'yan kasuwar Isra'ila da suka ƙosa ranar hutu ta wuce su koma rage mudu da ƙara farashi, har suna haɗa sharar alkama su sayar wa talaka. Wanda ya san kasuwannin Kano ba ya bukatar sharhi. Akwai mudun da aka buga gindinsa ya shige ciki, akwai buhun da aka zare wa tiya biyu aka sake ɗinkewa, akwai tsohon wake a ƙasa sabo a sama. Zamani ya ƙara nasa: famfon mai da aka taɓa, da wayar da aka buɗe aka canja mata allo da batir sannan aka mayar da ita kwali aka sayar da sunan sabuwa. Maƙwabci Musulmi ya san wannan hani daga Suratul Muɗaffifina, don haka a wannan gaɓar addinan biyu bakinsu ɗaya, kuma babu ɗan kasuwar Darmanawa da zai ce bai ji ba.

Toma Akwinas, malamin Katolika ɗan Italiya da ya rasu a 1274, ya tattauna batun aibin kaya dalla-dalla. A wurinsa, in aibin a ɓoye yake kuma zai jawo wa mai saye asara ko haɗari, wajibi ne mai sayarwa ya faɗa; in a fili yake kowa na gani, ya isa ya rage kuɗin daidai da aibin. Ya kuma ce bai halatta a ƙara farashi kawai don an ga mai saye ya matsu ba, domin matsuwar ba daga mai kaya ta fito ba, ba kuma mallakarsa ba ce da zai sayar. Martin Luta ya ɗauko wannan zare a rubutunsa na 1524 a kan ciniki da kuɗin ruwa, inda ya soki ƙa'idar 'yan kasuwar Jamus ta zamaninsa cewa mutum ya sayar da kayansa da iyakar tsadar da zai iya samu. Ya ba da shawara a lissafa kuɗin sari da wahala da lokaci da kasadar da aka ɗauka, a ɗora riba mai ma'ana a kai.

Wannan bai haramta tayi ba. 'Yan ɗariƙar Kweka na Ingila tun ƙarni na 17 sun yi suna da farashi ɗaya ga kowa, har ana iya aiken yaro shagonsu ba tare da fargaba ba, kuma tsari ne mai kyau ga kemis da kanti. Amma taya kaya da cewa albarka da yin gyara al'adar ciniki ce da ɓangarorin biyu suka san dokarta. Abin da ya ɓaci shi ne ƙaryar da ake cusawa a ciki: mai kaya ya rantse ko sari bai yi haka ba alhali ya san ya ci riba biyu, ko ya dubi baƙon da ya sauka a Unguwa Uku bai san gari ba ya ninka masa. Yesu a sura ta 5 ta Matiyu ya hana mabiyansa rantse-rantse, ya bukaci maganarsu ta tsaya da kanta. Mai saye ma bai tsira ba, domin Karin Magana sura ta 20 ta ambaci wanda ke kushe kaya a gaban mai shi, in ya saya da araha ya tafi yana fahariya.

Inda maganar ta fi nauyi a wannan yanki shi ne magani. Babu mai saye da ya kai ɗan jinya rauni. Ya fito daga asibiti da takarda a hannu, rubutun likita bai iya karanta shi ba, majinyacinsa yana kwance, wataƙila daga ƙauyen Jigawa ko Katsina suka taso, kuɗin da ke aljihunsa na akuyar da aka sayar ne. Ba zai iya bambance maganin gaske da jabu ba, ba zai iya zagaya shago biyar yana tayi ba. Duk abin da aka miƙo masa shi zai karɓa, duk kuɗin da aka faɗa shi zai biya. Jon Wesli, wanda ya kafa ɗariƙar Metodis a Ingila a ƙarni na 18, a wa'azinsa a kan amfani da kuɗi ya ƙarfafa mabiyansa su nemi dukiya iyakar ƙoƙarinsu, amma ya gindaya sharaɗin kada neman ya cutar da lafiyarsu ko ta maƙwabci, ya kuma kira sunan likitoci da masu sayar da magani da ke wasa da rayuka don ƙarin riba.

Kano ta ɗanɗana abin da ake gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200 a Asibitin Zana. Yara 11 daga cikinsu suka mutu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75, kuma rashin yardar da abin ya shuka yana cikin dalilan da suka sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. A 2018 wani rahoton BBC ya nuna yadda maganin tari mai kodin ke fita daga hannun masu harkar magani zuwa hannun matasa, har da na Kano, gwamnatin tarayya kuma ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayu na shekarar. A Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna, PCN, sun garƙame shagunan magani sama da 1,300 a Sabon Gari da kewaye don a tilasta wa dillalan komawa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, inda za a iya sa ido a kan ajiya da ingancin kaya. A ɗaya ɓangaren akwai Dora Akunyili, 'yar Katolika da ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008. 'Yar'uwarta ta mutu a 1988 bayan an yi mata allurar insulin ta jabu, ita kuma ta yaƙi masu jabun magani har aka harbi motarta a Disambar 2003. Matashin da ke tsaye a kemis a Gyaɗi-Gyaɗi ba shugaban hukuma ba ne, amma kwalin da wa'adinsa ya ƙare ta hannunsa zai bi, haka ma kwalbar da wani saurayi ya zo nema ba takardar likita.

Ɓoye kaya yana da wuyar hukunci fiye da yadda ake zato, domin ajiya kanta aikin alheri ce. Annabi Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gonar Masar a shekarun ƙoshi, ya buɗe rumbuna a shekarun yunwa. Ɗan kasuwar Dawanau da ya sayi gero da kaka ya adana shi, ya biya sito da magani da dako, ya fito da shi da bazara, ya yi wa gari hidima kuma ribarsa halal ce. Wanda Karin Magana sura ta 11 ta ce mutane za su la'anta shi ne mai riƙe hatsi yana kallon yunwa tana tashi don farashi ya ƙara hawa. Basil, bishop ɗin Kaisariya a ƙasar da ta zama Turkiyya yanzu, a yunwar da aka yi wajen shekara ta 369 ya yi ta wa'azi a kan masu rumbuna har wasu suka buɗe, shi kuma ya kafa wurin dafa abinci ga mayunwata. A Fabrairun 2024 Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ƙaramin ɗan kasuwa ma ya sha irin wannan jarabawa a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, sa'ad da takardar naira ta ɓace, wasu masu POS suka riƙa cire kaso mai tsoka daga mutumin da ke neman kuɗinsa don ya sayi abinci ko magani. Ƙara caji daidai da wahalar samo kuɗin yana da hujja. Ƙarawa daidai da firgicin da aka gani a fuskar mai bukata, shi ne abin da Akwinas ya hana.

Daga mai saye sai ma'aikaci. Dokar Musa ta ce a biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi, domin talaka ne kuma ransa a kan kuɗin yake. Wasiƙar Yakubu sura ta 5 ta ce hakkin magirba da aka danne yana kai ƙara wurin Allah. A 1891 Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙar Rerum Novarum a kan halin ma'aikatan masana'antu, inda ya ce albashi dole ya isa ya riƙe ma'aikaci mai tsimi, kuma in bukata ko tsoro ne suka sa ya karɓi abin da bai kai haka ba, an zalunce shi ko da ya sa hannu. Wannan hukunci yana da amfani na musamman a nan. A Yulin 2024 Nijeriya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan kusan duk shagon ɗinki da gidan abinci da kemis da ke Darmanawa yana wajen dokar. Yarinyar da ke wanke kwanuka daga asuba zuwa dare ba ta da mai tsaya mata sai tsoron Allah na uwar ɗakinta.

Tsarin yaron shago, wanda Hausawa da Ibo duk suka gada ta hanyoyinsu, yana cikin mafi kyawun abin da kasuwar Kano ta mallaka. Yaro ya yi wa ubangida hidima shekaru, ya koyi sari da lissafi da halin mutane, a ƙarshe a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Manyan 'yan kasuwa da yawa a Kantin Kwari da Sabon Gari ta nan suka fito. Cutar da ke cin tsarin kuwa sananniya ce: in wa'adin sallama ya kusa, sai a ƙago wa yaro sata a kore shi hannu rabbana. Ubangidan da ya yi haka ya sace shekarun mutum, abin da ba a iya mayarwa. Abin da ya dace shi ne a rubuta yarjejeniya tun ranar farko, a faɗi shekaru da abin da za a bayar, iyaye da shaidu su sa hannu. Rubutu ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga zumunci. Yaron ma yana da nasa nauyin. Ɗaukar ɗari biyu daga aljihun tebur, ko ɗora nasa a kan farashin ubangida a ɓoye, ko sayar da nasa kayan a shagon da aka ba shi tsaro, duk cin amana ne. Bulus a wasiƙarsa ga Afisawa ya umarci ɓarawo ya daina sata ya yi aiki da hannunsa, ya kuma ba da dalili: don ya sami abin da zai ba mai bukata.

Batun kuɗin ruwa shi ne inda ra'ayin Kiristoci ya sauya a tarihi, kuma ya kamata a faɗi hakan yadda yake. Littafin Fitowa da na Firistoci sun hana karɓar ruwa daga ɗan'uwa matalauci, Maimaitawar Shari'a kuma ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, tun da abin neman abincin mutum ne. Taron Nikiya na shekara ta 325 ya hana malaman ikkilisiya ba da rance da ruwa, taron Lateran na 1179 kuma ya hana masu wannan sana'a jibin Ubangiji da jana'izar Kirista. Jon Kalbin na Janeba, a wata wasiƙa ta 1545, ya bambance rancen da ɗan kasuwa ya karɓa don ya juya da wanda matalauci ya karɓa don ya ci. Ya yarda da ruwa mai iyaka a na farko, ya hana a na biyu. Yawancin ikkilisiyoyin yau a kan wannan suke, saɓanin Musulunci da ya haramta kuɗin ruwa ɗungurungum, abin da ya sa aka buɗe bankin Jaiz a 2012. Amma abin da bai taɓa sauyawa ba shi ne haramcin cin talaka ta hanyar bashi. Manhajojin rance na waya da ke ɗora ruwa mai yawa a kan bashin mako biyu, in mutum ya makara su aika wa duk lambobin wayarsa saƙon tozarci, ba su da mafaka a ko wace ɗariƙa, kuma matashi Kirista bai kamata ya karɓi aikin aika irin waɗannan saƙonni ba. Hanyar da ikkilisiya ta fi sani ita ce haɗa ƙarfi. Wani limamin Katolika, John McNulty, ya kafa ƙungiyar ajiya da rance a Jirapa ta arewacin Gana a 1955, wadda ake ɗauka ita ce ta farko irinta a Afirka. Adashin da matan unguwa suka saba yi ɗan'uwanta ne. Wanda ya ci bashi kuma ya biya a kan lokaci, domin mai shagon da ya ba da kaya bashi shi ma wani yana binsa.

Haɗarin da dukiya ke yi wa mai ita ma koyarwar ba ta ɓoye shi ba. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti ta ɗora laifin a kan son kuɗi, Yesu kuma ya ba da misalin manomin da ya ƙudurta zai rushe rumbunansa ya gina manya, ya mutu a daren da ya gama lissafin hutawarsa. Wa'azin da ya yaɗu a wasu majami'un Nijeriya, mai cewa arziki alamar bangaskiya ne kuma wanda ya ba da baiko mai yawa zai girbe ninki, ya kauce wa wannan, malaman bishara na Afirka da dama sun kuma yi masa raddi a fili. Illarsa ga matashi ita ce yana koya masa jiran riba ba tare da kaya ko aiki ba, wanda shi ne ƙofar da 'yan damfara ke shigowa. Tsarin MMM da ya daskarar da kuɗin 'yan Nijeriya a Disambar 2016 ta hannun abokai da dangi ya yaɗu, har da waɗanda ake ibada tare. Duk harkar da ba a iya nuna kayan da take sayarwa ko hidimar da take yi ba, kuɗin na baya take ba na gaba.

Ɗaukar sunan Kirista bai taɓa zama shaidar tsabtar ciniki ba. Turawan da suka yi fataucin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma masu zuwa coci ne. Iyalin Cadbury, 'yan Kweka da suka kafa kamfanin da ke yin Bournvita, sun mayar da masana'antarsu Bournville a 1879 suka gina wa ma'aikata gidaje masu kyau, abin da ake yaba musu har yau. Amma sun sami labari tun 1901 cewa kokon da suke saye daga tsibirin Sao Tome da aikin tilas ake noma shi, ba su daina saye ba sai 1909. Adalci ga wanda ake gani a shago bai wadatar ba in ana rufe ido ga inda kayan suka fito. Mai sayen waya a Farm Center da aka kawo masa sabuwar waya a rabin kuɗi, ba kwali ba rasit, a garin da ƙwacen waya ya ci rayuka, ya san tambayar da ya kamata ya yi.

Haka kuma kyauta ba ta wanke algus. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, da ya tuba ya yi alkawari biyu: rabin dukiyarsa ga matalauta, sannan ya mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Ɗan kasuwar da ya saya wa coci janareta da kuɗin yaron da ya kora ba sallama, yaron yana binsa har yanzu. Wata takarda da ofishin Kadinal Peter Turkson ɗan Gana ya fitar a Batikan a 2012, a kan kiran shugaban kasuwanci, ta sa hidimar ɗan kasuwa a cikin kasuwancin kansa: kaya masu amfani na gaske, aiki mai mutunta ma'aikaci, da dukiyar da aka samar aka kuma raba da adalci. Haraji da lasisi suna cikin wannan. Bulus ya umarci Kiristocin Roma su biya haraji ga gwamnatin da ba tasu ba, Yahaya Mai Baftisma kuma ya gargaɗi masu karɓa kada su wuce abin da aka ƙayyade.

Misalin da Yesu ya bayar na Basamariye mai tausayi ya rufe ƙofar ware maƙwabci ta addini ko ƙabila. Farashi ɗaya ne ga ɗan coci da ɗan masallaci, aikin gyara ɗaya ne, haƙurin bashi ɗaya ne. Kano ta ga rikicin Oktoban 1991 da na Mayun 2004, inda aka yi asarar rayuka da shaguna, an kuma sami maƙwabta da abokan ciniki da suka ɓoye juna a gidajensu. Irin wannan yarda a shekarun ciniki na gaskiya ake tara ta.

Matsayi mafi wuya shi ne na matashin da ba shi ne mai shago ba, aka kuma umarce shi da yin abin da ya san cuta ne: ya goge kwanan watan da ke jikin kwali, ya ce wa mai saye wayar ba a taɓa buɗe ta ba, ya rubuta rasit fiye da abin da aka biya. Biyayya ga ubangida wajibi ce a koyarwar Kirista, amma tana da iyaka. Ungozomomin Ibraniyawa sun ƙi bin umarnin Fir'auna na kashe jarirai, manzanni kuma sun gaya wa majalisar Urushalima cewa umarnin Allah yana gaba da na mutum. Abin da ya dace da yaron shi ne ya fara yi wa ubangida magana a keɓe, cikin ladabi, ba a gaban masu saye ba. In an nace, ya ƙi sa hannunsa. In abin ya shafi rai, kamar jabun magani, ya sanar da NAFDAC ko PCN, domin shirunsa zai iya kai wani kabari. Yana iya rasa aikin, kuma a wannan zamani rasa aiki ba ƙaramin abu ba ne ga mai biyan haya da ƙanne a makaranta. Don haka nauyin bai kamata ya tsaya a kansa shi kaɗai ba. Abin da ake nema daga zumuntar matasa da dattawan majami'un Kano shi ne su san 'ya'yansu da ke aiki a shaguna, su san wanda aka kora don ya ƙi algus, su haɗa masa ɗan jari ko su nema masa wani ubangida kafin kuɗin hayarsa ya ƙare.